Ajiyar Inna a Rumbun Baba Ranau

Bana ruwa ya ɗauke bayan an gama shuka. Kullum da safe in na hau babur zuwa wurin aiki a Funtua, sai in ga masarar bakin hanya ta naɗe ganyenta ta yi tsaye kamar tsinken tsintsiya, manoma kuma suna bakin gona hannu a ƙugu suna kallon gabas. Kowa na roƙon Allah Ya kawo ruwa, ni ma ina cewa amin. Amma irin wannan fari ba yunwa yake fara tuna mini ba. Wani dattijo yake tuna mini, da wata takarda da na buga da hannuna, kuma har yau in abin ya faɗo mini sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.

An doshi shekara ashirin ke nan. Na gama karatun kwamfuta na dawo ƙauyenmu, can tsakanin Kafur da Gozaki, ina jiran aiki. Abin da na dawo da shi bai wuce wata tsohuwar kwamfutar cinya da yayana ya sayo mini ta hannu ba, sai kuma girman kai da ya fi kwamfutar nauyi. Mutanen gari suka laƙaba mini Injiniya. Su da wasa suke faɗa, ni kuwa da gaske nake amsawa.

Daminar da ta gabaci waccan shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya tafi da wuri, dawa ta fitar da kai amma ba ta cika ido ba, aka kai dami gida ba nauyi. Aka shiga bazara da rumbu rabi. Zafin shekarar kuwa ban manta shi ba. Tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa, ruwan randa ya koma ɗumi, awaki su manne da gindin katanga bakinsu a buɗe. Da aka samu ruwan farko, mai ƙarfi, wanda ya cika kududdufai a yini ɗaya, kowa ya ɗauki sungumi ya fita. Ni da Inna, mahaifiyata, muka shuka gonar bayan gida, ni ina sara ita tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, mutane suka soma dariya a hanya.

Tsiro ya fito kore shar. Daga nan sama ta kulle. Mako ɗaya, biyu, uku, hadari ya haɗu da la'asar ya yi baƙi ƙirin, iska ta zo ta watsa shi. Tsiron ya yi ja, ya kwanta, ya bushe. Da ruwa ya dawo sai da aka sake shuka, kuma iri ya riga ya ƙare, don haka daga cikin hatsin ci aka ɗiba. Wasu sau uku suka shuka. Kafin a kai ga noman firi, gidaje da yawa sun share ƙasan rumbu da tsintsiya.

A gidanmu akwai saura, amma Inna ta soma awo da ƙaramin ƙoƙo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Da safe kunu ne, tsararo, wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Da rana sai kwaɗon tafasa ko na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Na san ɗacin tafasa a shekarar fiye da yadda na san kowane darasi da aka koya mini. Kana tsakiyar noma sai idonka ya yi duhu, ka dafa ƙotar fartanya ka jira abin ya wuce.

Sai dai a garinmu yunwa ba abin faɗa ba ce. Magidanci ya gwammace a ce ya mutu da ciwon ciki da a ce rumbunsa ya ƙare kafin kaka. Mata sun san aikinsu a nan. Gidan da ba abin dakawa, da la'asar za ka ji taɓarya na sauka a turmi kamar kullum, ko da dusa ce ake sake dakawa. Za a hura wuta a ɗora tukunya hayaƙi ya tashi, ko da ruwa ne zalla a ciki. Maƙwabta sun sani sarai, domin ƙarar turmi mai hatsi daban take da ta wanda ba shi da komai. Amma ba mai cewa uffan.

Taimako ma da hanyarsa. Ba a kai wa mutum sadaka a ce ga shi don ba ka da shi. Sai mai hali ya ɗora buhu a kan jaki ya je ya yi sallama, ya ce rumbunsa na yoyo, ko ɓeraye sun dame shi, don Allah a ajiye masa wannan. In zai tafi ya ƙara da cewa, a riƙa ɗiba ana ci kafin ƙwari su lalata shi, ai gara a ci da ya zama gari. Mai gida ya ce to, ba komai, za a kula da shi. Shi ke nan. Ba wanda ya roƙa, ba wanda ya bayar, ajiya ce kawai aka kawo.

Mu kanmu mun ci irin wannan ajiya. Shekarar da mahaifina, Malam Iro, ya kwanta ciwon da bai tashi ba, Baba Ranau ne ya zo da jaki da buhu biyu yana ƙorafin ɓeraye. Baba Ranau Bamaguje ne, gidansa na ƙetaren rafi, babban gida mai rumbuna uku jere a tsakar gida. Shi da mahaifina abokai ne tun suna yara, ɗaya na sallah ɗaya ba ya yi, kuma ban taɓa jin abin ya shiga tsakaninsu ba. Shi ne Sarkin Noman yankinmu. Ya noma dami dubu ya yi bikinsa tun kafin a haife ni, in aka yi gayya shi ke gaba, kuma maroƙa ba sa wuce ƙofar gidansa ba su kira sunansa ba. Yakan ce shi bai taɓa sayen hatsi a kasuwa ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Ana cikin wannan hali sai saƙo ya zo daga 'yan garinmu mazauna Kaduna. Sun haɗa hatsi za su aiko, amma suna son a ba su sunayen gidajen da suka fi buƙata don kada a yi son kai wajen rabo. Mai unguwa ya tara dattawa, ni ma aka kira ni don ni zan yi rubutu. Dattawa suka ƙi. Suka ce ba za a rubuta sunan magidanci a takarda a ce ba shi da abinci ba, takardar ta bi hannun direba, ta bi hannun ɗan kamasho, kafin ta kai Kaduna duk tasha ta haddace ta.

Nan ne Injiniya ya gyara zama. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Za a rubuta sunan kowane gida a gari, mai shi da marar shi, ba a bar kowa ba. A gaban kowane suna sai in sa amsarsa, akwai ko babu, amma a kulle, ta koma wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana. Makulli ɗaya ne, wata doguwar lamba ce, da ita ake kullewa da ita ake buɗewa. Ni ina da ita, sai sakataren 'yan Kaduna, wanda zan karanta masa ita ta waya. In hatsin ya zo, a haɗa shi da buhunan takin zamani da kowane gida ke karɓa, ba mai sanin wanne ne taki wanne ne dawa. Mai unguwa ya ce, "Ka tabbata, Injiniya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ko duk kwamfutocin duniya aka tara ba za su buɗe ta ba."

A wannan ban yi ƙarya ba. Dabarar kulle rubutun da na zaɓa, wadda ake kira AES, abin dogaro ce, har yau da ita nake aiki. Yadda take yi shi ne ta yanyanka rubutu gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa harafi goma sha shida, in bai kai ba a cike shi, sannan ta cakuɗa kowace gunduwa da makullin har ba mai gane asalinta. Ba kai za ka zauna ka ƙera ta ba. Masana sun riga sun rubuta ta sun zuba a abin da muke kira laburare, wato tarin ayyukan da aka gama, kai dai ka kira wanda kake so ka miƙa masa rubutunka da makullinka.

Na hau mota zuwa Malumfashi, na shiga shagon intanet don in duba yadda ake kiran ta. Janareta na ƙara, fanka na juya iska mai zafi, shafi ɗaya sai ya ci minti biyar kafin ya buɗe. Na ga misalai biyu, ɗaya gajere ɗaya dogo. A ƙarƙashin gajeren akwai wani gargaɗi da Turanci mai kauri, game da yadda ake jera gunduwoyin. Na karanta layin farko na ga zai ɓata mini lokaci. Na kwafi gajeren. Na gwada, na kulle kalma ta koma shirme, na buɗe ta dawo daidai. Na rufe kwamfuta ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgin sama.

Da na gaya wa Inna zan bi gida-gida in tambaya, tana tsince tafasa a faifai, ba ta ɗago ba.

"Auta, ba a tambayar mutum wannan."

"Inna, ai ba mai gani. A kulle yake."

"Kai fa? Ba kai za ka ji ba?"

"Ni kaɗai ne, sai mutum ɗaya a Kaduna."

"To ai kun yi yawa," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Kwana huɗu ina yawo da kwamfuta a jaka. Wasu suka amsa mini suna kallon ƙasa, wasu suka ja ni bayan gida kafin su buɗe baki. Wani ya ce akwai, alhali 'ya'yansa na tsaye da manyan cikuna da jan gashi. Na rubuta abin da ya ce.

Gidan Baba Ranau na je ƙarshe, da hantsi. Na same shi yana wasa garma a gindin ɗorawa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Ni a raina gaisuwa ce kawai ta kai ni, don na riga na san amsarsa. Ya saurare ni har na gama, yana shafa bakin garmar da babban yatsa.

"Ɗan Iro, wa zai ga abin ga?"

Na gaya masa.

"Ka rantse da abin da ubanka ke rantsuwa da shi."

Na ce wallahi, bayan mu biyun ba wanda zai gani.

Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Ya tashi ya ce in biyo shi. Rumbunan nan uku suna nan yadda na san su, an shafe su da sabuwar ƙasa, tsani a jingine da na tsakiya. Ya ce in hau in ɗaga murfin. Na hau na ɗaga. Wani ɗumi mai warin tsohon ƙaiƙayi ya bugi fuskata. Na leƙa, na jira idona ya saba da duhun, na ga ƙasan rumbun a share tas, sai wani ƙadangare da ya gudu. Na biyun haka, na ukun haka. Ya shuka manyan gonakinsa sau uku, kuma tun bazara yake kai wa mutane ajiya.

Ya ce kullum da safe Ladi, matarsa, takan hau tsanin da ƙwarya a rufe da faifai, ta sauko da ita a rufe, don masu wucewa zuwa rafi su gani. Ya faɗi haka yana ɗan murmushi. Sannan ya ce, "Ba don ni ba. Jikoki sun yi yawa a gidan. Rubuta abin da ka gani."

Na rubuta babu. Har a lokacin wani ɓangare na zuciyata murna yake yi, wai Sarkin Noma ya amince da ni.

Na koma Malumfashi na buga takardar, shafi biyu. Da na zo jera sunaye, saboda girmamawa, na sa na mai unguwa a farko, na Baba Ranau a na biyu. Na duba sunaye ko na yi kuskure. Ban duba ɗaya gefen ba, inda haruffan nan suke, don a ganina shirme ba abin dubawa ba ne.

Ranar kasuwarmu ce direban zai karɓi takardar. Bayan la'asar mutane suka taru a gindin ceɗiyar bakin kasuwa kamar yadda aka saba, mai unguwa na kan kujerarsa, Baba Ranau na gefensa a kan buzu, don ba ya fashin wannan zama. Abin da ya kamata in yi shi ne in sa takardar a ambulan in liƙe in miƙa wa direba. Ambulan ɗin na cikin aljihuna. Amma wani ya ce, "Injiniya, ina abin da aka ce ka kulle?" Ni kuwa na zaro ta na miƙa masa, na ce kowa ya duba, wanda ya iya karantawa na ba shi kwamfutar kyauta. Ba wanda ya tilasta ni. So nake a yaba mini.

Takarda ta bi hannu-hannu, ana dariya, ana cewa wannan ai rubutun aljanu ne. Har ta kai hannun Malam Sabo mai ɗinkin hula. Malam Sabo bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma shekara talatin yana ƙirga zare yana maimaita zane a kan hula, idonsa ba ya wuce abu biyu masu kama da juna. Mutum ne kuma da ba ya ɓoye komai, nasa ko na wani, ba don mugunta ba, haka Allah Ya yi shi.

Ya ce, "Ina gidana a nan?"

Na nuna masa. Ya kawo takardar kusa da ido, ya bi ta da farce daga sama zuwa ƙasa.

"Injiniya, ai zanen naka iri biyu ne kacal. Ga mai kama da lauje a gaba, ga mai bakwai a gaba. Su ne ke ta maimaituwa." Ya yi dariya. "Ni dai na ce maka babu, ban ɓoye ba, kowa ya san halin da nike ciki. Nawa mai lauje ne. To duk masu laujen nan 'yan'uwana ne ke nan?"

Na miƙa hannu in karɓe ta, amma kawuna sun riga sun haɗu a kanta, kuma a cikinsu akwai masu karanta boko. Ba sai an yi nisa ba. Ga lauje nan a layi na biyu, a saman shafi, inda na sa sunan da kaina. Ba wanda ya kira sunan. Dariyar ce kawai ta mutu, sai wani ya ɗago ya dubi inda buzun yake, ya yi sauri ya mayar da kai. Na biyu ma ya yi haka. Malam Sabo, da bai san sunan wa ke wurin ba, yana ta tambaya, "Mi ya faru? Na faɗi wani abu ne?"

Baba Ranau bai tambayi kowa komai ba. Ya dubi fuskokin mutane, ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma ita ce da na fi samun sauƙi. Ya tashi ya naɗe buzunsa, ya ce wa mai unguwa, "Hadari na haɗowa, bari in ƙetare rafi tun bai kawo ba." Sama kuwa fes take.

Daga baya na koma na karanta gargaɗin nan har ƙarshe. Laburaren da na yi aiki da shi, in ka ambaci sunan dabarar kawai ba ka faɗi yadda za a jera gunduwoyin ba, sai ya zaɓar maka hanya mafi sauƙi, wadda ake kira ECB, inda kowace gunduwa ake kulle ta ita kaɗai. Kalma ɗaya da makulli ɗaya, kullum abu ɗaya za su fitar. Dogon misalin da na tsallake yana sa wata sabuwar lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi a farkon kowane layi, ta yadda ko sau ɗari ka kulle babu, sau ɗari za ta fito da fuska daban. Layi uku ne suka raba gajeren da dogon. Ba wanda ya fasa makullina, kamar yadda na yi alkawari. Ba a ma buƙaci fasa shi ba.

Kafin magariba labari ya gama gari, ya ƙetare rafi. Gidaje da yawa abin ya shafa, wasu suka daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsu ba. Amma na Sarkin Noma shi aka fi juyawa, a rijiya, a wurin niƙa, a majalisa. Masu tausayi ma da tausayinsu suke ƙara yaɗa shi.

Hatsin ya iso bayan mako biyu. Da amalanke ya tsaya a ƙofar Baba Ranau, ya fito ya taɓa buhunan, ya ɗauki na taki, ya ce a mayar da sauran. "Ban san wanda ya ce maku babu ba," in ji shi. Mai unguwa da kansa ya je, ya dawo da su.

Sai marka ta sauka. Ruwan da muka yi ta roƙo ya zo ba ƙaƙƙautawa, kwana uku a jere ba a ga rana ba. Katangu suka jiƙe suna zubewa, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika ɗaki yana sa hawaye. Tufafi ba sa bushewa, komai na warin danshi. Gona ta yi kyau, dawa ta kai ƙirji, amma ba abin da ya nuna, kuma yunwar marka ta fi ta bazara cizo don da sanyi take zuwa. Na ji an ce an rarraba jikokin Baba Ranau zuwa gidajen 'ya'yansa mata. Tsanin nan kuma an ɗauke shi daga jikin rumbu.

Wata rana ina bayan babur a hanyar Malumfashi, nesa da garinmu sosai, na hangi 'yan ƙwadago a jere suna huɗa a gonar wani. Na gane Baba Ranau tun daga nesa, don ba mai riƙe garma kamarsa. Yana gaban samarin da ya yi jika da su, ruwa na zuba a bayansa, haƙarƙarinsa a waje. Mutumin da ake yi wa kiɗa in ya shiga gona, ya taka tafiyar awa biyu don ya yi noman haya inda ba a san shi ba. Na sunkuyar da kai na ɓuya a bayan mai babur. Ban sani ba ko ya gan ni.

Da na gaya wa Inna, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ba ta taɓa faɗa ba har ta rasu. Ta tashi ta shiga rumbunmu, ta juye fiye da rabin abin da ya rage mana a buhu, ta ɗaure bakin da igiyar rama, irin ɗaurinta mai kunne biyu da ba wanda ke yin sa sai ita.

"Ka kai masa. Ka ce rumbunmu na yoyo."

"Inna, ki aiki wani. Ba zan iya haɗa ido da shi ba."

"Kai za ka kai."

Na ɗora buhun a keke na tura shi cikin taɓo, na ƙetare rafi ruwa har cinya. Na same shi a zaure. Na durƙusa na faɗi abin da aka aiko ni, kalma bayan kalma, har da cewa a riƙa ɗiba kafin ƙwari su ɓata shi. Muryata na fita kamar ta wani. Na so in ƙara da ba shi haƙuri, amma in na ba shi haƙuri na ambaci abin ke nan, don haka na fasa.

Ya kalli buhun. Sannan ya ce, "To. Ka ce wa matar Iro za a kula da shi."

Na dawo gida ina jin an sauke mini dutse. Na ce wa kaina abin ya gyaru, hanyar tsofaffi ta rufe ɓarnar da tawa ta yi. Mu muka ƙarasa damina da kunu da tafasa, ban yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, har daɗi nake ji in cikina ya yi ƙugi. Gero ya nuna, aka gasa tumu, yara suka soma gudu a hanya. Masara ta biyo baya, sannan dawa. Kakar ta yi kyau fiye da yadda kowa ya zata.

Wata safiya bayan an gama kai dami gida, muka ji sallama. Baba Ranau ne da jakinsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, amma a miƙe yake kamar kullum. Ya sauke buhu a tsakar gida gaban Inna, suka gaisa, ta tambayi Ladi da jikoki, ya ce duk lafiya.

"Ga ajiyarku," in ji shi.

A al'ada in mutum zai mayar da ajiya, sabon hatsi yake kawowa, a karɓa a yi godiya kamar shi ne wanda aka kai. Na matso in ɗauka. Sai na ga Inna ta tsaya tana kallon bakin buhun. Igiyar rama ce, ta yi baƙi saboda danshi, da ɗaurin nan mai kunne biyu. Ƙwari sun huda buhun ta ko'ina, gari na zuba ta ramukan. Wata biyu yana cikin gidan da ake kwana da yunwa, ba a kwance shi ba.

Inna ta nemi bakin turmi ta zauna. Baba Ranau ya juyo gare ni, ba fushi a muryarsa, kamar mai ba da saƙon da za a kai kasuwa.

"Injiniya, duba da kyau, ba a taɓa ba. Wannan ma ka rubuta."

Ya ja jakinsa ya fita. Ya rayu shekara shida bayan haka, ya sake cika rumbunansa, muna gaisawa in mun haɗu. Amma bai ƙara kira na ɗan Iro ba, kuma bai ƙara zama a gindin ceɗiyar nan ba.

Yanzu kulle bayanan mutane shi ne abincina. Abokan aikina na tsokanata wai na cika naci, don ba na barin layi ya wuce sai na kulle kalma ɗaya sau biyu na ga ta fito daban, kuma ba na tsallake gargaɗi komai tsawonsa. Ina barin su su yi dariyarsu. A garinmu kuwa yanzu in za a yi rabo, sunaye ake kira a fili kowa ya zo ya yi layi, kuma na ji an ce ba mai kai wa wani ajiya. Ban ce ni na kashe al'adar ba, abubuwa da yawa sun canza. Amma jiya da na je gida duba gona, na bi ta ƙetaren rafi da la'asar, na ji taɓarya na sauka a wani gida. Na rage tafiya ina saurare ko turmin da hatsi a ciki. Sai na tuna ba a tambaye ni ba, na ƙara wa babur wuta na wuce.